Na'ura Ta Ce Manu Zai Tashi

Litinin, 7 ga Afrilu, 1975
Ƙauyen Kwandiko. Gida goma sha ɗaya na yi wa tambayoyin Dakta, mutumin jami'ar nan. Wai na'ura mai ƙwaƙwalwa za ta haɗiye amsoshin, ta faɗi wa zai yi ƙaura bayan farin nan, wa zai zauna. Manu mai shanu ya ba ni wahala. Za ka tashi? "Sai abin da Allah ya yi, Malam." Har sau uku! Takarda kuwa e da a'a kaɗai ta sani. Na ce Bafillace ai ba ya zama, na sa masa e.

Litinin, 5 ga Mayu
Sakamako ya iske ni a Birnin Kudu. Lamba 46, Manu: zai tashi kafin damina. Na karanta wa mutane a kasuwar Gwaram, su ma su san ba ƙaramin aiki nake ba. Wani manomi, Dabo, ya sa na maimaita. Gonarsa ke jikin makwancin shanun Manu, fili mai takin shekara ashirin. Ban so murmushinsa ba.

Juma'a, 9 ga Mayu
Dabo da ƙannensa sun sare shingen Manu, wai na'urar gwamnati ta ce ya tashi. Ni "zai" na ce, wallahi, su suka ji "ya".

Asabar, 10 ga Mayu
Innalillahi. Da hantsi na je Kwandiko in yi bayani, na tarar an kacame. Buba, ɗan Manu na fari, ya fasa wa Dabo kai da sanda. Ƙanin Dabo ya sare shi da adda a wuya, a gabana, jini har rigata. Mutanen Dabo suka cinna wa bukkokin Manu wuta, suka datse agarar shanu huɗu. Ina ihu ba haka takarda ta ce ba, wani ya kwaɗa mini ƙota a baki, haƙora biyu suka zube. Buba bai kai azahar ba.

Talata, 13 ga Mayu
Kunu kawai. Tsoro nake ji, da kunya.

Alhamis, 15 ga Mayu
Manu ya kora sauran shanun, ya bi hanyar Farin Dutse. Da ya gan ni ya tsaya. "Sannu da jiki, Malam." Da zagina ya yi da ya fi mini.

Juma'a, 23 ga Mayu
Wasiƙar Dakta, cike da murna: ya ji 46 ya tashi, na'ura ta yi daidai. Wai in fara tambayoyi a Wurno ranar Litinin. Na aika masa cewa kekena ya lalace.
Keken kuwa lafiyarsa ƙalau. Yana zaure.