Almasihun Ɗaki na Huɗu

Iskandariya

Yaya Sidhom,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya azumi?

Na gama littafin, ga shi nan na aiko maka. Kar ka yi fushi, kai ne jarumin, suna kawai na canja maka. Daga hirar da ka yi min ta zamanka a asibitin ƙwaƙwalwa na gina shi: yadda ku goma sha uku kuka ture kwanon nama, da ranar da ka wanke wa tsoho Basili ƙafafu. A littafin bore ne. Sha biyu na bin ka, ɗaya ya kai ƙararka, aka ɗaure ka a gado hannuwa a miƙe kamar gicciye, ka mutu ranar Juma'a. Mai buga littattafai ya ce mutuwar nan ita ce littafin, kuma zai rubuta "labarin gaskiya" a bangon littafin. Na san na iya, ba sai ka faɗa ba.

Ƙanwarka,
Damyana

Asyut

Damyana,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke.

Littafi ya iso, amma ba ni na fara karanta shi ba. Kin manta ana buɗe wasiƙunmu? Sabon likita ya bi shi da jan biro, sannan ya kira ni, ya tambaye ni cikin ladabi ko almajiraina sun cika sha biyu.

Na ce masa babban azumi muke yi, kwana hamsin da biyar ba nama, ba ƙwai, ba madara, kamar yadda uwarmu ta koya mana. Mu huɗu ne ma Kirista a ɗakin, sauran kuwa, naman ne ya yi musu wari. Basili kuwa ciwon suga ya kumbura masa ƙafa, ba ya iya sunkuyawa, kuma a Alhamis ta wankin ƙafa, kafin Ista, ko firist a coci yana wanke wa mutane ƙafa. Likita ya gyaɗa kai, ya ci gaba da rubutu.

Kwamitin sallama zai zauna Talata bayan Ista. Shekara uku ina jiran wannan zama, yanzu fayil ɗina ya ce ina ɗaukar kaina Almasihu.

Na ji zafi, Damyana. Rubutun ya yi kyau, shi ya sa suka yarda da shi suka bar ni. Hankalina ya dawo, na fi kowa sani. Ba na son mutuwa mai kyau, gida nake so. Ki zo ki gaya musu ƙirƙira kika yi, ki sa hannu a takardar karɓata. In kin yi haka na san kin rasa abin da za a rubuta a bangon.

Ki gaida mijinki.

Yayanki,
Sidhom

Iskandariya

Yaya,

Barka da Ista. Na cire babin ƙarshe, mai bugawa ya fasa. Na yi kuka, na gama. Zan shigo jirgin ƙasa na ranar Litinin, ka haɗa kayanka.

Likita, tunda kai za ka fara karanta wannan, ina gaisuwa. Ni na ƙirƙiro boren, ni na ƙirƙiro gicciyen. Yayana mutum ne mai minshari da son wake. Zan zo in tafi da shi da ransa.

Damyana