Tef ɗin Baba na 1968

Asunción, 3 ga Maris

Yaya Delfina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Ramón da yara. Yaya ƙafar taki?

Akwai matsala game da faifan Baba. Kin san tef ɗin da aka tsinto a ma'ajiyar gidan rediyo, wanda aka rubuta wa "Amancio, jita, 1968". Octavio, mai gyaran sauti, ya yi wata biyu yana tsabtace shi. Jiya na kai Mama ta saurara. Ko minti ɗaya ba ta yi ba ta ce a kashe, wai wannan ba mijinta ba ne. Wannan mai gaggawa ne, in ji ta, kuma mahaifinmu ko miya ba ya sha da gaggawa.

Octavio ya yi dariya, ya ce kunnen shekara tamanin da huɗu ba zai ja da na'urarsa ba. Mama ta ce na'urar ba ta taɓa auren kowa ba.

Ni ban yi dariya ba. Na riga na rubuta a jaridarmu cewa wannan ne kaɗai kiɗan Baba da ya saura a duniya, kuma ranar Juma'a za a aika wa kamfanin buga faifai. Ga shi kuma akwai wani Amancio daban, mai sunan Baba, da ya yi kiɗa a rediyon a lokacin. Ina da shekara shida Baba ya rasu, ba zan iya shaidar hannunsa ba. Ke kina iya tuna wani abu?

Ƙaninki,
Crispín

Asunción, 5 ga Maris

Yaya,

Ina sake gaishe ki. Na ji amsarki a waya, cewa ke ma ba za ki iya shaidar kiɗan ba, ban kuma ga laifinki ba.

Na bincika littattafan rediyon, shafukan 1968 ruwa ya cinye su. Na yanke shawara: idan Mama ba ta amince ba, zan janye faifan, in rubuta gyara da sunana. Abin da ya fi damuna ba kunyar ba ce. Wata biyu ina sauraron mutumin nan kullum a matsayin ubana.

Gobe Zunilda, makaɗiyar da za ta cike rabi na biyu na faifan, za ta zo a ɗauki kiɗanta da jitar Baba. Ban san ko in dakatar da ita ba.

Ki gaida kowa.
Crispín

Asunción, 7 ga Maris

Yaya Delfina,

Da fatan kun tashi lafiya. Zauna ki karanta.

Zunilda ta zo ɗaure tsirkiyoyin jitar, sai ta tsaya. Ta nuna mana tsohuwar tsaga a gindin wuyan, an liƙe ta da gam, ta ce jitar nan ba za ta jure ɗaurin da kowa ke yi ba, mai ita dole yana sassauta ta ƙasa kaɗan. Na ga fuskar Octavio ta sauya. Ashe da ya ji sautin tef ɗin ya yi ƙasa, ya ɗauka laifin tsohuwar na'urar rediyo ne, sai ya ƙara masa gudu har ya yi daidai da ma'auni. Ya kuma goge wata ƙaramar shaƙar hanci da ya ce datti ne.

Ya mayar da komai yadda yake, na ɗauko Mama da butar tereré ɗinta, shayin ganyen nan nata mai sanyi. Ta saurara. Da aka zo shaƙar, ta ce, "Kun ji shi. Kullum sai ya ja hanci kafin wuri mai wuya."

Ta cika kofin, ta miƙa shi wajen lasifikar, kamar yadda kika ce Baba take fara miƙa wa tun yana raye. Hannunta ya ɗan jima a haka. Sannan ta juya ta ba Octavio, ta ce ya sha, amma kada ya sake gyara mata miji.

Yau aka aika faifan.

Naki har kullum,
Crispín