Kwandon Meme

Ƙetaren rafi, Penebel
12 ga Nuwamba, 1987

Zuwa ga yayana, Bli Rauh,

Gaisuwa irin ta ƙanwa, tunda ita kaɗai ce ba ka ƙwace mini ba. Ina fatan gajiyar hanya ta sake ku, kai da matarka Suwitri. Na rantse a gaban jama'a ba zan ƙara yi maka magana da bakina ba, kuma ina nan a kan bakana. Sai dai ban rantse a kan alƙalami ba. Direban motar kasuwa zai miƙa maka wannan.

Shekara shida ina tsallaka rafin nan safe da yamma don in yi wa uwarmu Meme wanka, in juya ta, in ba ta kunun shinkafa a baki. Kai kana Surabaya kana aiko mana hotonka da rigar ofis. Da ta rasu ka zo da ƙaton tabarau, ka tsaya kusa da wuta ana ƙona ta, kowa na cewa ga ɗa na kirki. Na yi shiru. Aka kai toka teku, na yi shiru. Abu ɗaya na sa rai: ranar da za a kira kurwarta daga teku a kai ta haikalin Besakih da ke kan dutse, sannan a maido ta ɗakin kakanni na gidan mahaifinmu Bapa, ni zan ɗauke ta a kaina. Ni na haɗa kwandon da za ta zauna ciki, kwakwa da shinkafa da ganyen taunarta. Ni na naɗe shi da fari da rawaya, ni na ɗinke.

Sai ga ka a ƙofar gida, motoci na jira, ka sa hannu ka sauke shi daga kaina.

“Sukerti, ke baƙuwa ce a nan,” ka ce. “Tun ranar aurenki kika yi sallama da kakanninmu. Matar gida ce za ta ɗauka.”

Na ce, “Da nake kwashe mata kashi, ina matar gidan take?”

Ka ce, “Hau babbar mota, akwai wuri wajen tukwane.”

Haka kuwa aka yi. Ku kuna gaba a ƙaramar mota mai kujerun soso, ni ina baya tsakanin tabarmi da agwagin hadaya, tun daga Tabanan har Klungkung rana na gasa ni. A bakin teku, gaban kogon jemagu, da aka kira Meme, Suwitri toshe hanci take yi wai wari. Ni ce na yi kuka, daga nesa, kamar mai kallon bikin wasu.

Kai ma ka ga yadda Besakih ta cika ranar. Gidaje sun fi talatin, kowa da kwandon mamacinsa, an jera su a rumfa ɗaya ana jiran mai haikali ya yayyafa ruwan tsarki. Sai ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kowa ya suri nasa ya runtuma mota. Ka tuna a dawowa ban zauna ba? Awa huɗu ina tsaye da kwandon ragowar shinkafa a kaina, ana ta yi mini dariya wai fushi nake.

An ce kun shigar da ita ɗakin kakanni da kiɗa da turare. Madalla. Ka kula da wadda ka shigar, kada ka bar ta da yunwa.

Surukata Rasmin, matar ɗana, tana gaishe ka, cikinta ya shiga wata na shida.

Ƙanwarka baƙuwa,
Sukerti

*

Gidan Bapa
20 ga Nuwamba, 1987

Zuwa ga ƙanwata Sukerti,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Takardarki ta iso, na karanta, na kuma yafe kalaman da ke ciki domin na san zafin rashi ne.

Ina so ki fahimci cewa ba ni na kafa al'ada ba. Mace idan ta yi aure, kakannin mijinta ne nata. Wahalar da kika sha da Meme ba wanda ya musa, kuma Ubangiji zai saka miki. Amma jinya daban, haƙƙi daban. Da na bar ki kin ɗauka, da dattawan unguwa sun ce gidan Bapa ba namiji.

Tunda kin matsa, bari in gaya miki abin da ban so faɗa ba tukuna. Suwitri tana da ciki wata uku, bayan shekara goma sha huɗu muna jira. Kin san wanda ya rasu ta jikokin gidansa yake dawowa. Ina so Meme ta saba da kan Suwitri tun a hanya, ta san wurin da za ta shiga. Ban samu zama da ita a ƙarshen rayuwarta ba, wannan ya tsaya mini a rai fiye da yadda kike zato. Idan ta dawo a ɗiyata, zan goya ta, in biya abin da ban yi ba.

Game da zama wajen tukwane, kujerun ƙaramar mota shida ne kawai. Ki rage tsawon harshe, girma ya kama ki.

Kowace safiya ni da kaina nake kai mata furanni da kofi mai ɗaci yadda take so.

Yayanki,
I Gede Rauh

*

Gidan Bapa
9 ga Janairu, 1988

Sukerti,

Ina gaisuwa. Ba ki ba ni amsa ba, amma dole ta sa na sake rubutowa.

Tun makon da muka dawo Suwitri ba ta da sukuni. Ba ta cin abinci, kullum mafarkin wata gajeriyar tsohuwa take, tana zaune a bakin ɗakin kakanni tana kuka. Jiya muka je wajen matar nan ta Marga da matattu ke magana da bakinta. Muka kira Meme. Sukerti, wadda ta amsa ba Meme ba ce. Da harshen mutanen gabas take magana. Na ce, “Meme, ni ne Rauh.” Ta ce, “Wane Rauh? Ku su wa? Ina mijina? Kuma wa ya ce muku ina shan kofi?”

Da muka dawo gida na sa mai haikalin unguwa ya buɗe kwandon. A ciki akwai ɗan kunnen azurfa. Meme ba ta taɓa sa azurfa ba.

Wata biyu ina durƙusa wa uwar wani. Na sake karanta takardarki ta farko, inda kika ce in kula da wadda na shigar. Me kika sani? Don girman Bapa ki gaya mini ina uwarmu take.

Rauh

*

Ƙetaren rafi
15 ga Janairu, 1988

Bli Rauh,

Gaisuwa mai yawa, da jaje. Ashe baƙuwa ma tana da ranarta! Wata biyu kafin ka gane ba uwarka ba ce. Ban yi mamaki ba, tana da rai ma ka fi haka daɗewa ba ka leƙo ta ba.

To, buɗe kunnenka. Ranar da nake ɗinke kwandon farin zare ya ƙare mini, sai na ƙarasa gefe ɗaya da baƙi. Duk wanda ya kalli kwandon nan sau ɗaya da idon ƙauna zai gane shi cikin dubu. Da ruwa ya sauko a Besakih, ina tsaye a bayan rumfa na ga matar gida ta wawuri na kusa da hannunta ta ruga, kai kana biye da laima kana cewa, “A hankali, a hankali.” Kuka bar Meme ita kaɗai a rumfa, feshin ruwa na dukanta.

Na buɗe baki zan kira ku. Har sunanka ya zo kan harshena. Sai na tuna ai ni baƙuwa ce, ina ruwan baƙo da sha'anin masu gida? Na ɗauke ta, na share mata ruwa da gefen zanena, na sa ta cikin babban kwandon shinkafa na rufe. Shi ya sa na ƙi zama a mota. Ba a ajiye uwa a ƙasa wajen ƙafafun mutane da kashin agwagi. Ka hana ni ɗaukarta zuwa dutse, na ɗauke ta zuwa gida, awa huɗu, wuyana kamar zai karye, kuma ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Tana nan. Ban sa ta ɗakin kakannin mijina ba, na san iyakata. Na kafa mata katako can sama a ɗakina, wajen gabas. Da safe kofi, da yamma ganyen tauna, in zauna in ba ta labarin kowa. Naka ma ina ba ta, muna dariya.

Abu ɗaya ne ke cin raina, kuma ba kai ba ne. Da za mu tashi na ga wani tsoho yana zagaya rumfar cikin ruwa, yana ɗaga tabarmi yana kiran sunan matarsa. Na tambayi sunansa. Pan Ribek, daga wani ƙauye bayan Rendang, kowa a kasuwar can ya san shi, gishiri yake sayarwa. Na san inda matarsa take, na yi shiru don in ƙuntata maka. Wannan alhakin nawa ne, zan ɗauka. Amma kai ka sato ta, kai za ka mayar. Ka ɗora ta a kanka, kai da tabaranka, ka durƙusa a gaban tsohon nan ka ce kai ne ɗan da bai gane uwarsa ba.

Sai ka yi wannan tukuna mu ga abin da ya rage.

Sukerti

*

Gidan Bapa
2 ga Maris, 1988

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, gaisuwar wanda ya sauke kai.

Na je. Sai da aka nemi rana mai kyau, aka yi hadayar fitar da ita, duk unguwa ta fito kallo. Dattawan da na ji tsoron bakinsu, yanzu in na wuce sai su ce, “Gede, yau uwar wa za a ɗauko?” Na hau mota har Rendang da kwandon a kaina. Pan Ribek bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya karɓa, ya kalli kwandon ya ce, “Ke kuma ina kika shiga yawo?” Sai ya fashe da kuka. Ya ce tun ranar bai ci abinci a zaune ba. Ya tambaye ni wa ya nuna mini hanya, ban faɗi sunanki ba.

Na yi abin da kika ce. Na yi kuskure a ƙofar gida, na faɗa, in kina so in faɗa a gaban jama'a zan faɗa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, Sukerti. Ki kawo Meme. Ke za ki ɗauke ta tun daga rafi har ɗakin kakanni, ke za ki ajiye ta da hannunki, ni zan riƙe miki laima. Suwitri ta ce za ta wanke miki ƙafa.

Saura wata biyu ta haihu. Idan ɗakin yana wofi, ta ina Meme za ta shigo? Kurwa ba ta dawowa ta gidan suruki, kin sani. Kada ki bar ta a rataye a katako, ba ta can ba ta nan. In ba don ni ba, don ita.

An ce Rasmin ta sauka. Barka.

Yayanki mai jira,
Rauh

*

Ƙetaren rafi
10 ga Maris, 1988

Bli Rauh,

Na gode da barka. Mace aka samu.

Da ta cika kwana goma sha biyu muka je Marga wajen matar nan da kuka je, a tambayo wa ya dawo, kamar yadda ake yi. Ban buɗe baki ba, maigidana da ɗana shaida ne. Matar ta rufe ido, sai ta yi tarin nan na Meme da ka sani, ta kira ni yadda take kira na, ta ce, “Ti, ina kofina?” Maigidana ya ce, “Meme, ai nan ba gidanki ba ne.” Ta ce, “Inda aka ɗauke ni a ka, nan ne gidana.”

Ka aiko Suwitri ta ɗauki kwandon duk ranar da kuke so, mai baƙin zare a gefe, kada ta sake kuskure. Babu kowa a ciki.

In kana son ganin uwarka, ka tsallako rafi da ƙafarka. Tana farkawa da hantsi. Ka ce za ka goya ta, to ga zane nan na ajiye maka. Baƙo ba ya rasa tabarma a gidana.

Ƙanwarka,
Sukerti