Kawuna ya zaɓi dillalin hannun jari saboda ya iya gaisuwa

Assalamu alaikum 'yan zaure. Mai kula da gidan nan, don Allah ka saka wannan ba tare da sunana ba. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni ɗan Damagaram ne, ina zaune Tamanrasset a kantin kawuna, ƙanen mahaifiyata. Shi ya ɗauko ni bayan na bar lekkol, wato makarantar boko, shi ya yi mini paspor, shi ya yi mini aure. Kawu bai yi boko ba amma ɗan kasuwa ne na gaske, dabino da taliya yake lodawa zuwa Agadas. To ni da yamma ina zuwa siber, shagon intanet, a nan na fara kallon yadda ake sayen hannun jarin kamfanoni ta intanet, ka saya da safe ka sayar kafin la'asar. Bakina da ba ya shiru na ba Kawu labari, ya ce ai wannan harkar awaki ce, ya san ta tun ba a haife ni ba, in nemo masa dillali.

Na yi bincike na ware kamfanoni biyu. Na farko yana da rajista a ƙasarsu, na duba na gani, la'adarsa kan kowane ciniki a rubuce take, amma sai ka aika paspor da shaidar inda kake zaune, kuɗi kuma sai daga banki da sunanka, kuma ba mai kiranka, wasiƙa kawai ta ordinater, wato kwamfuta. Na biyun bai tambayi komai ba sai lambar waya, ni kuma na ba da ta kanti. Washegari wani ya kira, ana ce masa Si Murad, Larabci rangaɗaɗau, Kawu ne ya ɗauka. Shi ke nan fa jama'a.

Tun daga ranar kullum sai ya kira, ba ya fara maganar kuɗi sai ya tambayi iyali da ciwon ƙafar Kawu da motar kayansa da ta lalace a garin In Amguel. Da aka yi wa Kawu haihuwa ya kira barka, ran suna ma ya sake kira. Kawu ya ce wannan ɗan mutunci ne, an san gidan da ya fito ko ba a gan shi ba. Shi a wajensa haka ake sanin dillali, wanda ya san girmanka ba zai ci amanarka ba, kuma da wannan awon ya yi shekaru yana kasuwa bai faɗi ba. Na ce Kawu, a kasuwa kana ganin idon mutum, ka san ubansa, wannan murya ce kawai. Ya ce to wancan naka ko murya ba shi da ita, wa zai ba bango kuɗinsa?

Da na ga haka sai na gwada kamfanin Si Murad da ɗan abin da nake da shi. A allo riba ta hau, har na ji daɗi wallahi. Da na ce a maido mini sai aka ce in jira, daga baya aka ce sai na ƙara wani abu kafin a saki, har yau shiru. Na kai wa Kawu maganar ina ganin yanzu kam zai gane, ashe ya ɗauki waya ya faɗa wa Si Murad duk abin da na ce! Mutumin ya yi dariya, ya ce a yi mini haƙuri yaro ne, ƙananan kuɗi su ke daɗewa, manya ba sa kwana. Kawu ya juyo ya ce in dubi yadda na zagi mutum shi kuma yana nema mini afuwa. A gaban masu sayayya ya tambaye ni ko wancan kamfanin ya yi mini alkawarin la'ada ne. Wannan maganar ta ci mini rai, na shiga bayan buhuna na yi kuka, ni da 'ya'yana biyu.

Yanzu ya ce kuɗin lodin dabinon bana kacokan zai zuba, jarinsa ke nan, kuma da sunana za a buɗe asusun tunda ni na iya ordinater. Na je wajen abokinsa Alhaji na unguwar Gataa El Oued ya sa baki, ya ce shi ba ya shiga tsakanin ɗa da uba. Matata ta ce in bi Kawu kawai, kada mu rasa wurin kwana. Na ce wa Kawu ba zan iya ba, ya ce ba komai, Si Murad ya riga ya faɗa masa ko ba ni za a iya, shi da kansa zai riƙa saye da sayarwa a madadinsa, Kawu ya aika kuɗi kawai.

To kun ji. In na buɗe, da hannuna na miƙa jarinsa. In na ƙi, zai aika ba mai ko duba masa allo. Ranar Asabar mai kai kuɗi Agadas zai tashi, ta can Si Murad ya ce a aika. Waɗanda suka san harkar nan, me zan nuna wa mutumin da bai yi karatu ba ya yarda? Jiya Kawu ya karɓe makullin kanti daga hannuna, da safe na zo na tsaya a waje ina jira a buɗe mini.