Hukuncin da Na Yanke wa Baffa Dikko

Talata Mafara,
Laraba.

Zuwa ga Yayata Batulu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara da mutanen Bakura duka. Yaya ƙafar taki? Ni jikina lau, zuciya ce ba daɗi.

Kin san Malam Hashimu, wanda ya tarar da ni ina haɗa baƙi da tsohuwar jarida ya sa ni ajin yamma. Shi ya rubuta mana wasan kwaikwayo na zamanin yaƙi. Soja sun ƙwace gonar wani talaka sun kafa sansani, ya kai ƙara, alƙali ya ce ana yaƙi, ya yi haƙuri. Ni aka ba alƙalin, wai don bakina. Sati uku ina gardama da Malam. Na ce in don 'yanci ake yaƙin, 'yancin wa, tunda mai gona ya koma kwana gindin itace? Ya ce in haddace abin da aka ba ni, in rufe baki.

Ran Asabar muka yi wasan a filin makaranta. Ashe Baffa Dikko ya zo daga Maradun. Bai taɓa ganin irin wannan ba, ga idonsa ya yi rauni. Ya hangi rawani da buzu da 'yan doka, ni kuma an manna mini gemun auduga. Sai ya tuɓe takalma, ya zo ya durƙusa, ya ce Allah shi gafarta Malam, shi ma yana da ƙara. Ya lissafa iyakar gonarmu da ruwan dam ya ci, tun daga tsamiya har kushewar Baba. Mutane suna ta dariya, Yaya, har da masu agogo da ke kujerun gaba, waɗanda ba su taɓa riƙe hauya ba.

Bakina ya ƙi faɗin haƙurin nan. Na ce, "Kotu ta maida maka gonarka."

Ya yi godiya, ya sa albarka, ya tafi tun ba a tashi ba.

Jiya na ji ya kai galmarsa wajen maƙeri, ya fiddo irin geron da ya adana, yana gaya wa kowa an sami alƙalin gaskiya a Mafara. Ranar janye ruwa kawai yake jira.

Ran Juma'a zan je in gaya masa ni ne. Don Allah ki zo ki zauna kusa da shi. Ni kaɗai ba zan iya ba.

Ki gai da kowa. Allah shi bar zumunci.

Ƙanenki,
Barau.