Kwaɗon Alhaji Babayo

Zuwa ga Yaya Hasiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Alhaji Babayo da yara duka. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar nan tata. Maijidda ta ce min ta fara takawa har zaure, na ji daɗi ƙwarai. Mu nan Guangzhou lafiya lau, sai zafi da ruwan saman da ba ya gajiya.

Yaya, na rubuto miki ne don na kira Alhaji har na gaji, kullum sai ya mayar da maganar wasa, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Kin san tsohon benen da muke ajiye kaya a bayan titin Huanshi. Bara da gobara ta cinye wani sito a maƙwabta, ma'aikatan kashe gobara suka zo suka koya mana aikin, Alhaji ya tsaya aka kafa ƙungiyar 'yan sa-kai ta kashe gobara. Ranar, da ma kin gani! Kowa ya zura jar riga, aka yi hotuna aka tura gida. Har abokin kasuwancinmu Shitu, da ko ashana aka ƙyasta sai ya ja da baya, ya rungume tukunyar kashe wuta kamar jaririnsa.

Daga nan aka fara zamewa. Wannan bizarsa ta ƙare, wancan yana lodin kwantena, wani ya tafi Xintang duba wanduna. Ranar atisaye kowa ya ce in sha Allahu, ka zo ka tsaya a gindin bene kana kallon hanya. Abin da ya fi ci min rai, masu kwalayen da suka cika benen su suka fara janyewa. Ya rage daga ni sai Mas'udu mutumin Maraɗi, mai ɗaure wa jama'a kaya, wanda ko kwali ɗaya ba shi da shi a ciki.

Ga inda matsalar take. Benen yana da matattakalar baya ta gudun gobara, a bayan ƙofarta kuma akwai ɗan fili mai kallon gabas. Sai muka shimfiɗa darduma muka mai da shi masallaci. Da takalma suka fara ɓata, Alhaji ya sa wa ƙofar kwaɗo, yana buɗewa lokacin salla. Da ya tashi zuwa gida Babbar Salla, ya tafi da makullin a aljihu. Na je wajen mai benen neman wani makullin, ya buɗe hannuwa ya ce meyo, wato babu. Mutanenmu kuwa kowa ya ce shi ba zai fasa ƙofar masallaci ba, balle kwaɗon da dattijo ya sa. Ni ma kunyar nan ce ta riƙe ni.

Ran Laraba da rana tsaka batirin babur da aka sa caji a gindin matattakalar gaba ya kama da wuta. Hayaƙi ya turnuƙe, ya bi matattakalar ya haye sama. Ni da Mas'udu muka kashe ta, masu hotunan bara suna tsallaken titi riƙe da waya. Da muka hau, muka tarar da Balki, wadda take mana tuwo a hawan ƙarshe, durƙushe a ƙofar nan tana dukanta da hannu biyu, 'yarta Saffana goye a bayanta. Ta bi hanyar da mu da bakinmu muka koya mata ne, Yaya. Har yau yarinyar tana tari, ni kuma ko kwano ya faɗi sai gabana ya faɗi.

Washegari Mas'udu ya ninke rigarsa ya kawo min. Ya ce ba tsoron wuta yake ba, amma shi ya daina koya wa mutane gudu zuwa ƙofar da take kulle. Ran da aka buɗe, in neme shi. Ban ga laifinsa ba. In ya tafi kuwa ni kaɗai ne, mutum ɗaya kuma ba ya jan tiyo ya koma ya buɗe famfo.

Saboda haka na sayi guduma. Kafin takardar nan ta iske ki, na riga na fasa kwaɗon. Alhaji ne ya kawo ni ƙasar nan ya nuna min kasuwa, ba na so ya ji a bakin 'yan tsegumi cewa na raina shi. Ke kika san lokacin da ake faɗa masa magana ya saurara. Don Allah ki ba shi haƙuri, ki ce masa dardumar tana nan, salla kuma za mu ci gaba da yi a wurin, takalman dai kowa ya rungumi nasa.

Ki gaida Inna da Maijidda da Radiyya, ki shafa min kan ƙaramin Ibrahim Khalil. Balki ma tana gaishe ki. Yanzu haka ina jin dakanta daga sama, Saffana tana bayanta, kwaɗon kuma yana nan. Bari in ajiye biron nan in ɗauki gudumar in hau.

Ƙaninki,
Abdulrasheed