Kada Ku Jira a Kira Ku

Da sunan Allah. Ni Tchima Alassane, mahaifiyarku, na rubuta wannan a Greensboro ta Amurka, watan Mayu 2007, hankalina garau, har ya fi na wasunku. Cike nake da murna. Yau likita ya ce ciwon dajin da aka yanke daga cikin babban ɗana Zabeirou bai kai ga yaɗuwa ba. Alhamdulillahi! Nawa ya yi nisa, na sani, amma yau ko a jikina.

1. Ku ji wautar uwarku. Tun da ciwon daji na ciki ya ɗauke yayana, ake zura mini kyamara ta maƙogwaro duk shekara biyu. Dubawar bara waccan ta fito fes. Shekara na zagayowa sai loma uku ta riƙa ƙosar da ni, zani ya fara zamewa. Na ce gyambon ciki ne, na jiƙa kanwa. An riga an rubuta mini ranar dawowa, ni kuwa a Damagaram aka koya mini ba a zuwa wurin babba sai ya kira. Sai na ga rashin ta-ido ne in faɗo wa likita kafin ranarsa. Kusan shekara ina yi wa ciwo kawaici! Ashe yakan tsiro tsakanin dubawa da dubawa, wani lokacin ma kyamarar ta wuce shi ba ta gani ba. Duk wanda cikinsa ya sauya, ya tafi a makon nan, ko jiya aka duba shi.

2. Gado a raba shi yadda Allah Ya ce. Babbar tukunyata dai na ba auta Aissa tun yanzu, ko ta koyi tuwo ta raba mu da fizar Turawa. Buhun kanwar da ke kicin na miyar kuɓewa ne kawai, ban yafe a sha shi don ciwo ba.

3. Lahadin farko na kowane wata ku ci a faranti ɗaya. Nan kowa da lokacin aikinsa, kowa da kwanonsa, shi ya sa na daina ci ba wanda ya lura. Ku riƙa kallon hannun juna.

4. Zabeirou, wannan naka ne. Ƙanwarka Khadijatu ce ta ga kana dawowa daga aikin sito a Wendover da abincinka ba ka taɓa ba. Ta faɗa wa matarka Liyatu, suka tasa ka gaba zuwa asibiti kana cika kana batsewa, wai duka-duka wata takwas da duba ka. Tun ranar ka ɗauke mata wuta, wai ƙanwa ta tona maka asiri. Wata biyu ke nan! Wane asiri? Da na sami mai tona nawa, da ni zan yi wa jikokina guɗa ranar aurensu. Da zarar an sallame ka daga asibiti, ka tafi gidanta a McLeansville ka riga ta sallama. Girman naka ba zai zube ba.

Allah Ya yi muku albarka, Ya raya zuri'arku, Ya haɗa kanku. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe juna, kada Amurka ta watsa ku. Zabeirou da Khadijatu, ina so ku zo mini a mota ɗaya kafin Juma'ar nan, don likita bai yi mini alkawarin ta gaba ba.